Sunan da na soke a jerin mutum shida

Shekara bakwai ke nan cif da muka kai Tanimu Badamagare makwancinsa a nan Jidda. Bayan la'asar ne, ana irin zafin nan mai danshi da teku ke turowa, wanda yake manna wa mutum riga a baya. Na tuna ina tsaye a bakin kabarin ina cewa a raina, mutumin da ya ƙare rayuwarsa a cikin sanyi, ga shi mun rufe shi muna ta gumi.

Ni ba marubuci ba ne. Karatuna bai wuce firamare ba, sauran kuma a bakin teku na koye shi. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne wani saƙon murya da 'yarsa Zahra'u ta turo mini kwanan baya. A nan aka haife ta, Larabci ya fi Hausa zama a bakinta, kuma tana aiki a wani kantin magani. Saƙon gajere ne, kuma Ammi take kirana, wato baffa. Ta ce, "Ammi, sun saki tsohon. Halas, shi ke nan." Tsohon da take nufi wani ɗan wasan hokin ƙanƙara ne a wata ƙungiya ta ƙasar Kanada, mai tsaron baya, wanda mahaifinta yake so kamar ɗan'uwansa. Na san mai karatu zai yi dariya. Me ya haɗa dattijo Bakano da ke zaune a Jidda da wasan da ake yi a kan ƙanƙara? Tanimu ne ya haɗa mu, ni kuma laifina ne ya kai Tanimu can.

A Tashar Jiragen Ruwa muka haɗu, a wata ma'ajiyar sanyi inda ake sauke daskararren nama da kaji. Mu shida ne a rukuninmu, ni ne rayyis, wato shugaban ma'aikata. Shi mutumin Damagaram, ni mutumin Kano, to kun san abin da ke tsakaninmu. Tun ranar farko ya kira ni bawansa, ni ma na ce kakana ne ya sayi kakansa. Fiye da shekara ashirin ba mu taɓa gaisawa ba tare da tsokana ba. A unguwar Karantina gidajenmu suna lungu ɗaya. Ni na raɗa wa Zahra'u suna a kunne, saboda ranar muryarsa ta ƙi fita don murna.

Tanimu ba shi ne mafi ƙarfi a cikinmu ba, kuma da shekaru suka ja sai gwiwa ta fara ba shi wahala. Amma akwai abu biyu da yake yi ba tare da an sa shi ba. Shi yake tsara yadda za a jera kwalaye don kada su gangaro. Shi ne kuma yake lura da daɗewar kowa a ɗakin sanyi. Ba ya duba agogo, leɓen mutum yake kallo. Sai ka ji ya buga ƙofa ya ce, "Kai, fito! Yalla, wane, shiga." Mun saba da wannan muryar har muka daina jin ta a matsayin aiki.

Al'adar wurin ita ce, bayan an gama hidimar aikin Hajji kaya sun ragu, kafili, wato ubangidan da takardunmu ke hannunsa, yakan ce wa rayyis ya kawo sunayen waɗanda za a sabunta wa iƙama, takardar izinin zama. A wata shekara wani saurayi ya zo mana, ƙaƙƙarfa, yana ɗaukar kwali biyu lokacin da Tanimu ke ɗaukar ɗaya. Kafili ya ce shi dai mutum shida yake so, in zaɓa. Na zauna da takarda mai suna bakwai. Na auna kowa da abin da ido ke gani, wato nawa yake ɗauka da kuma saurinsa. Na ja layi a kan sunan Tanimu.

Da na tsaya a nan, da kuskure ne irin na shugaba. Amma da na je gaya masa sai na kasa kallonsa. Na ce kafili ne ya cire shi, na ce na yi roƙo an ƙi. Ya kalli ƙasa ya ce, "To Allah ya sa haka ya fi alheri. Bakano, ka kula da leɓen yaran nan." Ya ɗauki takalminsa na roba ya tafi.

Wanda bai zauna a ƙasar nan ba ba zai gane nauyin abin da na yi ba. Mutum ba iƙama, tamkar ba shi da ƙafar fita ne. Tanimu ya yi watanni yana laɓe a gida, yana neman wanda zai karɓi kafalarsa. Takardun iyalinsa duk a rataye suke da tasa, don haka a shekarar Zahra'u ba ta je makaranta ba. Ina wucewa da safe in gan ta a bakin ƙofa tana kallon 'yan'uwanta da jakunkuna. Nakan kai musu cefane, su yi mini godiya, in karɓi godiyar.

A ma'ajiya kuwa ba a daɗe ba na ga abin da na cire. Saurayin nan ba ya son a ce ya gaza, ba kuma mai buga masa ƙofa. Kafin shekara ta zagayo ciwon ƙirji ya mayar da shi gida. Jerin kwalaye ya gangaro mana har sau biyu, Allah ya tsare ba a rasa rai ba. Na koma ni nake tsayawa a ƙofa ina kallon leɓuna, ban kuma iya ba.

Shi kuma Allah ya buɗa masa ta inda ba wanda ya zata. Akwai filin ƙanƙara a cikin wani babban kanti a arewacin gari, inda yara ke zamiya. Mai kula da wurin wani Bature ne ɗan Kanada, yana neman wanda ba ya tsoron sanyi. Aka mayar da kafalar Tanimu can. Aikinsa gyaran ƙanƙara da wasa ƙarfen da ke ƙarƙashin takalman zamiya. A wasu ranaku ma'aikatan asibitoci da kamfanoni, Turawa da 'yan Filifin, sukan taru su buga hoki, shi kuma yana gefe da takalminsa na roba. Har ya rasu bai taɓa sa takalmin zamiya ba. Ya ce Badamagare ba ya faɗuwa a gaban jama'a, wannan aikin Kanawa ne.

A ofishin Baturen nan ya fara kallon manyan ƙwararru. Wasansu ana yin sa muna barci, don haka maimaici yake kallo da rana. Ya ɗauki ƙungiyar garin Baturen ta zama tasa. Sunanta bai taɓa zama a harshena ba, ni ƙungiyar Tanimu nake ce mata.

Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci mukan zauna wurin wani mai shayi a Bab Makka, a nan ya koya mini wasan da ƙwayoyin dabino a kan tebur. Mutum shida ne a fili: gola, masu tsaron baya biyu, 'yan gaba uku. Suna bin wani ɗan faifan roba baƙi da sanduna. Abin da ya fi burge shi, ba wanda yake daɗewa a ciki. Ka shiga ka yi iyakar ƙarfinka, kafin minti ya cika ka fito wani ya shiga. Ranar da ya gaya mini wannan fuskarsa har haske take. Ya ce, "Ka ga, su ma sun san a buga ƙofa."

Amma ba lokacin wasa ne ya fi so ba. Ya fi son hutun ƙarshen kakar wasa, lokacin da mu nan zafi ke gasa mu, su kuma can ana cinikin 'yan wasa: a saki wannan, a yi musayar wancan, a ɗauko sababbin matasa. Zahra'u tana karanta masa labarin da Turanci tana fassarawa, shi kuma yana rubutawa da ajami a wani littafi mai baƙin bango. Kowane suna yakan sa masa hukunci a gefe, ko "a bar shi" ko "a sake shi". Ba ya fara tambayar wa ya fi ci. Yakan ce wannan ko makaho zai gaya maka. Tambayarsa ita ce, idan alƙali ya kori mutum ɗaya zuwa benci na minti biyu, aka bar ku a rage, wa za ka tura ya kwanta a gaban faifan da aka bugo kamar harsashi? Idan matashi ya ruɗe, wa ke kusa da shi da zai ce masa koma gurbinka? A nan ne ya ƙaunaci tsohon nan. A lokacin ma ba tsoho ba ne sosai, amma haƙoransa na gaba duk sun tafi, ba ya ci sai jefi-jefi, kuma ba ya barin gefen dama.

Kada a ɗauka Tanimu mai tausayin tsofaffi ne kawai. Na sha ganin ya rubuta "a sake shi" a gefen sunan wanda ya yi wa ƙungiya hidima shekaru. Yakan ce ƙafa in ta ƙare ta ƙare, ƙanƙara ba ta san alkunya ba. Abin da ba ya yafewa daban ne, kuma wata Juma'a ya faɗe shi.

An yi musayar wani ɗan wasa a makon. Tanimu ya ajiye kofin shayi ya ce, "Ka ji abin da suka yi wa yaron nan? A waya ya gani, kamar kowa. Da ya je wurin manaja, sai manaja ya ce wai ba shi ba ne, masu ƙungiya ne suka matsa." Sannan ya ɗago ya dube ni sosai, ba murmushi. "Cirewa ba laifi ba ne, Shu'aibu. Amma ka kira mutum, ka ce ni ne."

Tun da muke bai taɓa kirana da sunana ba sai ranar. Ƙofa ce ya buɗe mini, kalma biyu kawai ake nema. Sai na ce, "Ai wannan manajan da gani Badamagare ne."

Ya dube ni kaɗan, sannan ya yi dariya. Ya ce, "Bawa dai bawa ne." Ya kira mai shayi ya ƙaro mana. Wasan da ke tsakanin Kano da Damagaram an yi shi ne don a rage nauyin zuciya, a faɗi mai ɗaci a wuce. Ni na mayar da shi wurin ɓuya. Shekara uku bayan nan zuciyarsa ta tsaya yana bakin aiki, da takalmin wani yaro a hannunsa. Ban faɗa ba.

Yau da zai dawo, ban san ta ina zai fara neman gida ba. Karantina babu ita, an rushe ta. Lungunmu, da masallacin da muke sallar asuba, da bishiyar da matan unguwa ke sayar da waina a ƙarƙashinta, duk sun zama fili. Mutanenmu sun watsu, wasu sun koma gida, wasu sun yi arewacin gari. Na san ba zai tsaya kuka ba. Zai tsaya ya kalli filin ya tambaya, to waɗanda suka san sunan kowa a unguwa, ina aka kai su?

Zahra'u ba ta daina al'adar mahaifinta ba. Duk hutun kaka takan turo mini labarin ƙungiyar, ni kuma in zauna in auna shi kamar yadda na ga yana yi. Bana sun ce sabon gini suke yi. Sun ba da matasa biyu da suke raino sun karɓo wani ɗan gaba mai yawan ci. Wannan ban ƙi ba, don bara sau da yawa sukan mamaye wasa su kasa jefa faifai a raga. Sun ɗaure golansu da doguwar yarjejeniya saboda kaka ɗaya da ya yi mai kyau. A nan Tanimu zai girgiza kai, don yakan ce gola sai ka ga yadda yake tashi bayan mummunar shekara kafin ka san shi. Sannan sun saki tsohon, sun kawo matasa biyu masu gudu kamar iska su tsare baya. Na sa Zahra'u ta duba mini abu ɗaya, ta dawo ta ce haka ne, dukansu ta hagu suke riƙe sanda. Ke nan ɗaya zai tsaya a gefen da ba nasa ba, yana karɓar faifai a bayan sanda, kuma babu babba a kusa da shi.

Mai yiwuwa masu ƙungiyar suna da gaskiya. Tsohon ya yi nauyi, bara na ga ana wuce shi a wuraren da a da ba a wuce shi. Wataƙila Tanimu da kansa zai rubuta "a sake shi". Ni dai na san yadda takarda take yaudarar mai riƙe da ita. Tana nuna maka wanda ya ɗauki kwali biyu, ba ta nuna maka wanda ya buga ƙofa. Don haka na mayar wa Zahra'u tambaya ɗaya: shin an kira tsohon an gaya masa? Ta ce wai manajan ya je har gidansa. Na ajiye wayar. Washegari na hau mota zuwa gidanta.

Mijinta ya yi mini iso ya ba mu wuri. Ta kawo gahawa da dabino. Ban bari na sha ba, don na san in na sha zan fara tsokana. Na ce, "Zahra'u, ba kafili ne ya cire babanki ba. Ni ne. Ni na soke sunansa, na kuma yi masa ƙarya."

Ba ta yi mamaki ba. Ta tashi ta shiga ɗaki ta fito da littafin nan mai baƙin bango. Ta ce, "Abuya," haka take kiran mahaifinta, "ya sani tun a makon. Ya je roƙon kafili, kafili ya ce masa, ana mali, ba ruwana, abin da rayyis ya rubuta nake sa wa hannu. Bai gaya mana ba. Sai da ciwon zuciya ya fara kwantar da shi ya gaya mini, ya ce in bar ka har ka zo da ƙafarka." Ta dube ni. "Wallahi, Ammi, ka daɗe."

Ta buɗe shafin ƙarshe. Ba 'yan wasan Kanada ba ne a ciki. Rukuninmu ne na ma'ajiya, mu shida na asali, ya jera mu kamar a fili. Uku a gaba, biyu a baya, ya sa kansa a gefen dama. A gurbin gola ya rubuta Bakano. A gefe kuma, da rubutunsa mai karkata: "Surutu ya yi yawa. Ya yi kuskure ɗaya, kuma ya sani. A bar shi."

Na ce ta yafe mini. Ta ce, "Na Abuya ga shi ya rubuta, ba ruwana a ciki. Amma shekarar da na zauna a bakin ƙofa tawa ce. Wannan ka ba ni lokaci." Sannan ta ce akwai abin da take so. Har yau in ta haɗu da tsofaffin mutanen tasha, sukan ce Allah ya jiƙan Tanimu, ƙarfi ne ya ƙare masa kafili ya sallame shi. Ta ce, "Ka faɗa a inda za su ji." Ta sa mini littafin a hannu ta raka ni ƙofa.

To ga shi ina faɗa. Ku mutanen tasha, na nan da waɗanda suka koma Kano da Maraɗi da Damagaram, duk wanda wannan jarida ta isa gare shi ya karanta wa wanda bai iya ba. Ba kafili ne ya ga gazawar Tanimu ba, kuma bai gaza ba. Ni Shu'aibu rayyis ni na auna shi da ma'aunin da bai dace ba, na cire mutumin da ke riƙe da mu, na kuma ɓuya a bayan wani.

Idan na duba abin da ya rage nasa, ba shi da yawa a ido. Gidan da ya zauna an share shi. A filin ƙanƙara yanzu inji ne ke wasa takalma. Ɗan wasan da yake so ya bar ƙungiya. Abin da ya saura shi ne 'ya mai faɗin gaskiya ba tare da ɗaga murya ba, da kuma wata hanya ta kallon mutane da ya bar mini: ka nemi wanda aikinsa ba ya hawa takarda, in kuma dole ka rabu da shi, ka kira shi da sunansa ka ce ni ne. Na koyi wannan a makare, daga wasan da ban taɓa taka filinsa ba, a bakin mutumin da na zalunta.

Tun ranar Zahra'u ba ta turo saƙo ba, ni ma ban matsa ba. An kusa fara sabuwar kaka. Zan zauna in ga yadda yaron nan zai yi a gefen dama shi kaɗai, littafin yana kusa da ni. A ƙasan shafin ƙarshe akwai ɗan fili da ya rage. Jiya na ɗauki biro na rubuta sunan Tanimu a wurin, cikakke, ba tsokana, na sa masa hukuncin da ya kamata in sa tun shekarun nan: a bar shi.

Allah ya jiƙan Tanimu, ya sanyaya makwancinsa. Ya san sanyi, ba zai ji tsoronsa ba.